Moton Da Hamida Ta Kashe

Shafi na 19

Masu yi mini ƙorafi tun jiya cewa na bar ku tsaye a ƙofar shagon Hamida, na ji, ban kuma ji haushi ba. Ku samu wuri ku zauna. Mai tukunya a wuta ta sauke tukuna, kar a ce ni na ƙona mata tuwo.

*

Ɗigon ja ne ɗan ƙarami, yana rarrafe a kan allon babbar wayar kamfani. Ya bar Filinge a baya, ya miƙi hanyar Abala. Hamida ta dafa tebur da hannu biyu tana bin sa da ido.

Baƙo na tsaye a kanta yana huci. Wan marigayi mijinta ne, shi ne kuma shugaban ƴan kabu-kabun garin, mutumin da in ya ɗaga murya a tasha har masu shayi sai sun rage rediyo. Yau hularsa na hannunsa, ya murɗe ta kamar tsumma.

"Kashe shi," ya ce.

"Yaya, dakata in..."

"Hamida, kashe shi. Ba don irin wagga rana kinka sa ni saye ba?"

Gaskiyarsa ce. Ita ta bi shi har gida ta dame shi sai da ya sayi moto mai ido, wato babur ɗin nan da ake dasa wa na'ura a ƙarƙashin sirdi, ya riƙa gaya wa waya inda yake, in an danna masa kuma ya mutu ko a ina yake. Bara war haka mutanen yankin nan na Kurfai dariya suke mata, wai ina aka taɓa ganin moto mai tsegumi. Bana da sace-sace suka yi yawa, kowa shi yake nema. Shaguna sun jeru a layin kasuwa, ga mai sayar da na Indiya, ga mai na Sin da ya fi arha, ga nata na kamfanin Dogon Zango da ake haɗawa a Yamai. Kowa na rantsuwa nasa ya fi gani. Amma har yau ba wanda ya taɓa ƙwato moton sata a gaban jama'a, kuma daraktanta ya sha gaya mata a waya cewa shagon da ya fara yin haka shi zai ci kasuwa daga Filinge har Baleyara.

To ga ranar ta zo da ƙafarta. Baƙo na zaune a tasha wayarsa ta hau kuka, wai sabon motonsa da ya bari a zaure ya fita daga gari. Kafin ya iso shagon, Habibu mataimakinsa ya kwashi matasan tasha sun bi sawu.

"Dokar kampani ta ce in tambaya," in ji Hamida. "Ka tabbata ba wani na gida yaɗ ɗauka ba?"

"Gidana? Wa za shi taɓa min moto gidana? Kile, makullinshi, na cikin aljihun rigata, rataye cikin ɗaki. Waɗanga ba su buƙatar kile, waya suke haɗawa."

"Ko ka kira uwar gidanka, Yaya Habsatu, mu ji."

"Talhonta na wurin sharji tun jiya. Kina ta magana, shi ko shina ta gudu."

Ta san abin da ya kamata. Gidan ba nisa, da ta tura wani ya leƙa ya dawo. Amma ɗigon na ta yin arewa, kuma duk wanda ya zauna a garin nan ya san moton da ya wuce can ba ya dawowa. Sai Kamal ya faɗo mata a rai. Mijinta ke nan, ƙanin Baƙo. A hanyar Baleyara aka tare shi saboda moto, aka bar shi kwance a bakin hanya, har yau ba a kama kowa ba. Don shi ta karɓi aikin nan. Kullum in ta share jan madannin nan da gefen mayafi, fuskar wani mutum da ba ta taɓa gani ba take hangowa.

Ta danna.

"Ya mutu?"

"Ba shi mutuwa nan take, kada mai tuƙi shi hwaɗi. Shina jira gudu shi ragu."

"To in bai rage ba hwa?"

"Za shi ragewa. Kwarin Dumma na gabanai."

A Kwarin Dumma ba mai gudu. Damina ta cika shi da yashi, ko jaki sai ya yi tunani kafin ya gangara. Mutanen da suka taru a ƙofar shagon suka matso, kowa ya miƙa wuya. Ɗigon ya yi sanyi. Ya ɗan ja jiki. Ya tsaya cak, sannan ya koma toka-toka, alamar rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke a wurin.

Ƙofar shagon ta kaure da sowa.

Hamida ta ɗauki wayarta ta kira Habibu. Ƙarar injuna ta cika layin.

"Allo, Madam?"

"Ya mutu mishi cikin Kwarin Dumma, daidai gangara. Ba shi tashi sai na tashe shi."

Baƙo ya fizge wayar.

"Habibu, moto nike so shi dawo lahiya. Shi ko, kun san abin da sunka yi ma Kamal. Ni ban ce komi ba."

Hamida ta ji. Duk wanda ke shagon ya ji. Ba ta hana ba, kuma in za a faɗi gaskiya, daɗi ta ji har cikin ƙashinta. Wani dattijo ya kutso yana tambaya ko akwai saura irin na Baƙo. Wani ya ce a ajiye masa baƙi. Mai shagon na Sin ya fito bakin ƙofarsa ya harɗe hannu yana kallo, fuskarsa kamar ya sha tsamiya. Har ta fara tsara yadda za ta ba darakta labari.

Sai mutanen ƙofa suka dare, suka ba da hanya.

Habsatu ce, matar Baƙo. Mace ce da ba a ganin ta a kasuwa, ko gishiri sai dai ta aika. Yau ga ta da garin hatsi har gwiwar hannu, mayafi a karkace, takalmi wari da wari. Ba ta kalli mijinta ba.

"Ke kuma mi yak kawo ki cikin maza?" in ji Baƙo.

"Hamida," ta ce a hankali, "wai moton gida anka ce an sace?"

"Kwantar da hankalinki, Yaya. An tsai da shi, yanzu za a maido."

"Anka tsai da shi ƙaƙa?"

"Na kashe shi daga nan. Su Habibu sun tahi kamo ɓarawon."

Habsatu ta dafa ƙofa.

"Ba sata ba ta."



"Ni nib ba da kile."

Baƙo ya juyo gaba ɗaya.

"Kinka ba wa?"

Ta sunkuyar da kai.

"Magana nike miki. Wa kinka ba?"

"Yaron can."

"Wane yaro?"

"Na tunga."

Hular ta suɓuce daga hannun Baƙo. Bai duƙa ya ɗauka ba.

Wanda bai san mutanen nan ba zai ce matar taurin kai gare ta, ana maganar rai tana ja wa mutane rai. Ba haka ba ne. Samiratu ce ƴarsu ta fari, kuma a gidaje irin nasu ɗan fari abin kunya ne. Ana yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa ƙauye, can ta girma, can aka aurar da ita. Habsatu ba ta taɓa kiran sunanta ba. Baƙo kuwa in aka ɗauko zancenta sai ya tuna yana da aiki a tasha. Da yawa cikin yaransa ba su ma san yana da ita ba. Ba ƙi ba ne. Hamida da kanta ta sha kai saƙon sabulu da kilishi da Habsatu ke ƙullewa a ɓoye, tana cewa a kai wa mutanen can. Mijin yarinyar kuwa, Ibrah, makiyayi ne daga wajen Abala, mai rawani, ba ya shigowa gari. In ya hango surukinsa a hanya, cikin hatsi yake faɗawa har ya wuce.

Hamida ta zagayo tebur ta kama hannun Habsatu.

"Ibrah? Ibrah na bisa moton?"

Habsatu ta gyaɗa kai.

"Samiratu ta? Haihuwa ta?"

Ta sake gyaɗawa. Hawaye ya tsaga garin da ke kuncinta.

"Ai ba yanzu anka ce ba. An ce sai an gama noma za a kawo ta gida."

"Ta riga lokaci. Ta kwana bisa gwiwa. Ungozoma ta ce abin ya hi ƙarhinta, a kai ta likita. Tunga ba rezo, ƙasa yat tako hal gari."

"Yaz zo gida?"

"Bai shigo ba. Bayan katangar zaure yat tsaya, yay yi tari. Da katanga yay yi magana, ni ina ji daga ciki."

"Ke mi kinka ce mishi?"

"In ce mishi mi? Na ɗauko kile cikin aljihun riga, na aza bisa turmi bakin zaure, na shige ɗaki na saki labule. Ina ji yat tayar."

"Ba ki aiko ba?" in ji Baƙo. "Ina zaune tasha, ba ki aiko an hwaɗa min ba?"

A karon farko ta ɗago ta dube shi.

"Da wane baki, Malam? In aiko cikin abokanka in ce wa ke naƙuda? Na ce kahin ka dawo da marece ya kawo ta ya maida moto inda yake. Ni ina nis san moto na kai ƙara?"

Daga bakin ƙofa wani tsohon ɗan kabu-kabu ya yi gyaran murya. Bai iya kallon kowa ba.

"Dogo, mai baƙin rawani? Da ƙura hal gwiwa?"

"Shi na," in ji Hamida.

"Tasha yaf fara zuwa, kahin Baƙo shi iso. Ya roƙi a kai shi tunga a ɗauko mara lahiya. Munka ƙi. Baƙuwar huska, hanyar Abala, wa za shi yarda? Habibu ma cewa yay yi leƙen asiri yaz zo." Ya rage murya. "Sun ga huskarshi sarai. In sunka iske shi bisa moton ga, ba su tambaya."

Hamida ba ta san lokacin da ta koma bayan tebur ba. Ta danna koren madanni, na tayarwa. Allon ya yi ɗan juyi, ya rubuta cewa ana jiran moto ya samu rezo. Ta sake dannawa. Ta sake. Ɗigon na nan toka-toka a inda ta kashe shi.

"Tashe shi," in ji Baƙo.

"Na tura. Ba shi isa."

"Ƙaƙa kashewa ta isa, tayarwa ba ta isa?"

"Kashewar ta same shi bisa tudu, kahin shi gangara. Yanzu shina cikin rami."

Ta kira Habibu. Muryar matar nan ta kamfanin waya ta ce ba a samun lambar. Baƙo ya kira da tasa. Tsohon ya kira ɗansa da ke cikin ayarin. Wayoyi suka fito daga aljihu ko'ina, kowa na kiran wanda ya sani, ko'ina matar nan ce ke amsawa da sanyin murya. Sun riga sun shiga inda ba a ji.

Ta kira Yamai. Wani saurayi ya ɗauka da fara'a.

"Madam Filinge, mun gani a allo. Barka, wannan shi ne na farko a yankinku. Darakta ya ce a ɗauki hoto in an kawo..."

"Ku tashe shi daga can."

"Na'am?"

"Ba ɓarawo ba na. Kuskure na. Ku tashe shi yanzu."

Ta ji yana danne-danne.

"Umurninki na kan layi, Madam. Da mu da ke hanya ɗaya muke bi. Sai in an tura moton zuwa inda zai kama rezo."

"Ba wata dabara? A cire waya, a haɗa wani abu?"

"Ai abin da ya sa namu ya fi na sauran ke nan. In ya kulle, ko makaniki..."

Ta katse. Wannan maganar ita ma ta sha faɗa wa masu saye, tana murmushi, tana buga sirdi da tafin hannu.

Ibrah ta hango. Ranar bikin Samiratu ta gan shi sau ɗaya, dogo, mai magana ƙasa-ƙasa, ya kawo mata ƙwaryar nono da hannu biyu don an ce masa ita matar ƙanin baba ce. Yanzu yana cikin yashi yana ta buga moton da ba zai tashi ba, bai san dalili ba. Zai ɗauka mai ne ya ƙare, ko shi ne bai iya ba. In ya ji ƙarar motoci a bayansa ma murna zai yi, ya ɗaga hannu a taimake shi. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka zo mata da labarin Kamal.

"Ke kinka kashe," in ji Baƙo. Ba da ƙarfi ya faɗa ba.

Ta ɗago.

"Ni nik kashe."

"Aikinki na ki bincika. Ke kinka san abin, ni mi nis sani?"

"Na tambaye ka, Yaya."

"Sai ki tsaya bisa tambayarki. Don na yi hushi sai ki biye min?"

"Ban biye maka ba. So nike in danna. Tun randa anka kawo na'urar ga nike so in danna." Ta dube shi ido cikin ido. "Amma ni moto nik kashe. Wa yac ce ma Habibu shi tuna da Kamal?"



"Ku bar wagga magana," in ji Habsatu. "Ku bar ta. Mutum biyu na can."

Kunya ta kama Hamida. Ta goge fuska da mayafi, ta shiga neman lambar direban da ke kawo musu kaya daga Yamai, ta san motarsa tana cikin gari. Ya ɗauka, ya ce yana sauke buhuna a bayan kasuwa.

"Zubar da su ƙasa. Ka zo ka ɗauki Yaya Habsatu, ku tahi tungar da ke bayan Kwarin Dumma. Mace na naƙuda. Ko mi kag gani cikin kwarin, ka tsaya ka ce Baƙo ya ce a dakata."

Ta juya ga tsohon.

"Baba, ruga jandarma ka hwaɗa musu. Ka bi ta likita ka ce su shirya."

Baƙo ya riga ya kama ƙahon wani sabon moto daga cikin na talla, ya turo shi waje, ledar sirdi ma ba a cire ba. Mutumin da ya daɗe da barin tuƙi saboda ciwon baya. Ya haye ya buga. Shiru. Ya sake bugawa.

"Ba mai ciki, Yaya. Haka suke zuwa."

"Isansi," ya ce wa jama'a. "Wa ad da isansi?"

Mai shagon na Sin ne ya tsallako titi da gudu, da kwalba biyu a hannu. Ya buɗe tanki ya fara zubawa. Man na gangarowa a hankali ta bakin kwalbar, kowa ya zuba masa ido kamar kallo zai sa ya yi sauri. Hamida ta ɗauko babbar wayar ta rungume a ƙirji, za ta hau baya. In sun matsa kusa, ko Allah zai sa.

Habsatu na tsaye a gefe, leɓɓanta na motsi. Hamida ta matsa kusa da ita don ta ce mata wani abu, sai ta ji ba addu'a kaɗai take yi ba. Tsakanin salati da salati, can ƙasa yadda ba mai ji, sunan ƴarta take kira.

Wayar Baƙo ta yi ƙara.

Ya zaro ta, ta kusa faɗuwa. Habibu ne. Hamida ta miƙa hannu ta danna masa lasifika.

"Allo? Allo, Baba Baƙo, kana ji na? Bisa tudu nih hau, nan kaɗai ad da rezo." Yana haki, yana dariya. "Albishirinka. Moto na hannunmu, ko ƙwarzane babu. Ka ce ma Madam abin nata gaskiya na."

"Mutumin hwa?"

"Shi na dai na tasha, na hwaɗa muku. Muna isowa ma hannu yaɗ ɗaga muna, don rainin wayo."

"Habibu, mi kunka yi mishi?"

"Yara sun ɗan taɓa shi. Suna can ƙasa da shi."

"Ka ce su bari. Yanzu."

"Su bari? Baba, ƙarya yake ta yi. Wai ba shi anka yi. Munka ce wa yab ba ka, yac ce gidansu. Munka ce moton wa na, hwaɗi sunan mai shi in ka san shi. Ya ƙi. Ana bugu ana tambaya, ya ƙi hwaɗi."

Habsatu ta toshe baki da mayafi. Ba zai faɗa ba. Ko za a kashe shi, ba zai kama sunan surukinsa a bakinsa ba.

"Na ce ku bari," in ji Baƙo.

Dariyar Habibu ta ɗauke, amma bai sauko ba.

"Baba, kai da bakinka kac ce mu tuna da Kamal. Yaran ga sun hau, in na ce su bari ba dalili, ni za su juyo ma. Issa wanshi anka kashe bara, ka sani. Mi za ni ce musu?" Iska ta busa cikin wayar. "Shi ma ya bar amsawa. Suna guda yake ta kira tun ɗazu, wai a tahi a ɗauko ta. Mun ce ko abokiyar satarshi ta. Baba, wa ta Samiratu?"

Mai zuba mai ya tsaya da kwalba a karkace. Abokan Baƙo ne a wurin, da yaransa, da dattawan da suka san shi tun yana tura amalanke. Hamida ta dube shi. Ta ga gumi ya tsattsafo a goshinsa. Ta kai hannu za ta karɓi wayar, ta san kuma ba muryarta Habibu zai kai wa yaran ba.

Baƙo ya riƙe wayar gam.

"Ɗiyata ta," ya ce. Muryar ta fito a dishe, sai ya ɗaga ta, irin yadda yake ɗagawa a tasha. "Samiratu ɗiyata ta, ta hwari. Wanga da kuke bugu mijinta na. Gidana anka ba shi kile."

Iska kawai ake ji a wayar.

Sai suka ji muryar Habibu ta yi nisa da wayar, da ƙarar takalmi cikin yashi, yana gangarawa da gudu.

"Ku dakata! Kai, ku dakata! Issa, aje dutsen ga. Issa, aje..."

Layin ya yanke.